Ta Buɗe Ƙofar?

Ni na ce wa Kawu Malam ya kwantar da hankalinsa. Ranar walimar saukar ɗalibansa a Sabon Birni, manhajar da na rubuta za ta saki karatun Alƙur'ani a lasifika ƙarfe goma daidai, ba sai an taɓa waya ba. Har da bugun ƙirji: "Kawu, na'ura ba ta mantuwa."

Ba ta manta ba kuwa. Na umarce ta ta kunna sautin ƙarshe da aka ajiye a wayar, ina zaton karatun ne, na kuma manta da saƙon muryar da na tura wa matata da safe.

Malamai sun jeru bisa tabarmi, har da baƙi daga garin Isa, sai muryata ta cika unguwa: "Hajo, don Allah buɗe ƙofa. Ba za ni ƙara cewa miyarki ta yi gishiri ba." Sau uku ta maimaita kafin na fizge wayar.

Kawu ya gyara rawani, ya ce, "To, Allah shi sa ta buɗe." Jama'a suka ce amin.

Har yau, ko ɗan kabu-kabu na tsayar, kafin ya tambayi inda za ni sai ya ce, "Injiniya, ta buɗe?"