Ranar da Shaho Ya Kawo Ƙara

A wani daji mai faɗin gaske, tattabaru ne ke kai saƙo tsakanin dabbobi. Mai horar da ƙananansu wata tsohuwa ce, sunanta Gwamma. Kullum sai ta kai su nesa ta bar su, kowace ta nemo hanyar gida da kanta.

Wata rana da damina ta fita da goma sha biyu, tara suka dawo. Ta bi sawu, ta tarar da gashin sauran a warwatse a gindin Dutsen Ɓaure. Ta tsinci abin da ta iya, ta nufi majalisar tsuntsaye, ta zube shi gaban Gauraka, shugaban majalisa.

"Allah ya taimaki Shugaba," in ji ta, "na san ɓatan hanya. Yarinya kan rikice cikin hadari, ta kwana wani wuri, gobe ta dawo. Amma wadda ta ɓata hanya ba ta barin gashinta da jini."

Shaho, mai kula da tsaron sararin sama, wanda gidansa ke kan dutsen nan, ya miƙe a natse.

"Ranka ya daɗe, rashin nan ya taɓa ni fiye da kowa. Matsalar rashin tsari ce. Yaya zan tsare waɗanda ban san inda suka nufa ba? A kafa doka: kafin kowane horo, a rubuto wa ofishina hanya da lokaci da yawan masu tashi."

Majalisa ta amince baki ɗaya.

Gwamma ta bi doka mako guda, ta rasa biyar. Cikinsu har da Ƙyallu, 'yar ƙanwarta, wadda ta fi kowa sauri. Kwana biyu ba ta taɓa ko ƙwayar gero ba. A rana ta uku ta rubuta takarda da kyakkyawan hannu: gabas, ta Dutsen Ɓaure, da hantsi. Ta aika, sannan ta kwashi yaranta ta yi yamma da su, wajen fadama. Duka suka dawo. Haka ta yi ta yi har wata guda.

Sai ga Shaho a majalisa da ƙara.

"Ranka ya daɗe, tsohuwar nan na raina doka. Ta rubuta gabas, ta tafi wani wuri."

Gwamma ta russuna. "Allah ya taimaki Shugaba, a tambayi Mai Tsaro yadda ya sani."

"Yadda na sani?" in ji Shaho. "Ni da 'ya'yana huɗu muna fakon hanyar tun asuba har azahar, ko ɗaya ba ta gifta ba. Kwana talatin ke nan. Ku dubi ƙirjina, ƙashi ne zalla."

Hankaka magatakarda ya ɗaga alƙalami, yana kallon Shugaba. Gauraka ya gyara tukkunsa, ya daɗe yana duban ƙafafunsa, sannan ya ce:

"Kun ji ma'aikaci. Kwana talatin bai bar bakin aiki ba. A rubuta masa yabo. Ke kuma Gwamma, ki koyi bambance gabas da yamma."

"Na karɓi gyara, ranka ya daɗe," in ji ta. "Tsufa ne."

Har ta bar aiki tsufan nan bai sake ta ba, yaranta kuwa suka yi ta dawowa cif. Majalisa ta kafa kwamiti ya binciki ciwon ramar da ya addabi ofishin tsaro.