Gyalen Mama a Kan Kaboyi

A shekarun da kuɗin fetur suka kai Baba karatun likita a Landan, muna zaune a unguwar Camberwell. Wani hutu ya kai mu wani garin katako a bayan birni, inda Turawa ke shigar kaboyi suna sukuwa. Ni ba mai magana ba ce a cikin mutane, amma ina taƙama da cewa babu abin da ke wuce idona.

Muna cikin cin biredi sai bindiga ta tashi. Wani mai jan gemu ya faɗo daga doki, ya miƙe a ƙasa, jama'a kuwa suka hau tafi. Na ga ƙuda ya sauka a hancinsa bai motsa ba, sai na yanke hukunci cewa wannan ya cika da gaske. Kuma a bar mamaci a buɗe, babu ko kara!

Na zare gyalen Mama daga kafaɗarta, na tsallake igiyar da ta tare 'yan kallo, na lulluɓe shi ina salati.

Ashe gyalen ya sha turaren wuta. Gawa ta yi atishawa, ta ƙara, sannan ta roƙe ni da Turanci in janye. Baba da yayana Sani suka durƙusa don dariya. Mama ta ce, "Ke! Gyalen nawa na Sallah?"

Har yau da nake da jikoki, in Yaya Sani ya kishingiɗa a falona, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Hajiya, barci fa zan yi. Yara, ku ɓoye gyale."