Rasuwar Bel Ɗin Kujerar Mama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya bar wa fushi gefe guda, nake sanar da 'yan'uwa da surukai da maƙwabta, da duk wanda Baba ya taɓa rage wa hanya, rasuwar bel ɗin kujerar gaba ta motar gidanmu, wadda kowa ya sani da kujerar Mama. Ba sai na gabatar muku da shi ba. Kun sha ganinsa cushe a ƙarƙashin hammatar Mama, kun gani kun kau da kai, kun ci gaba da hirar tsadar mai. Yanzu da ake neman wanda za a ɗora wa laifi, duk kun waiwayo kuna nuna shi da yatsa, don kun san ba shi da bakin da zai kare kansa. To, ni zan yi magana a madadinsa.

Marigayin ya rasu ranar da motar ta yi hatsari, da rana tsaka, yana bakin aikinsa. Masu ceto ne suka yanke shi da wuƙa domin su fito da Mama, saboda ya riƙe ta ya ƙi saki. Ba su yi laifi ba. Shi ma bai yi ba.

Ya zo gidanmu tare da motar, wadda Baba ya saya a hannun wani dogon mutum da ba mu sake gani ba. Launin marigayin toka-toka ne, kuma tun zuwansa bai taɓa sa an kira makanike ba. Taya ta sha faci, batir ya mutu ya farfaɗo ya sake mutuwa, shi kuwa ko mai ba ya sha. Mai haƙuri ne na gaske. An rufe ƙofa a kansa an yi tafiya yana jan ƙasa. An ɗaure buhun gawayi da shi. Jikoki sun goge maiƙon hannunsu a jikinsa. Idan ka ja shi a hankali sai ya biyo ka duk inda kake so, idan ka fizge shi sai ya tsaya cak. Wannan halin ne mutanen gidanmu suke kira taurin kai, alhali shi ne aikin da aka yi shi dominsa.

Ba shi da yawan magana. Kalma ɗaya ya iya, ƙas, lokacin da harshensa na ƙarfe ya shiga mazauninsa. Idan an manta da shi, ƙararrawar motar ce ke yi masa kuka, tin, tin, tin, har sai wani ya gaji. Mama ba ta jure wannan kukan, shi ya sa take ɗaura shi kullum. Kowa ya shaida cewa Mama tana ɗaura bel. Ba wanda ya tsaya ya dubi yadda take ɗaura shi.

Rashin lafiyarsa ta ajali ta daɗe, kuma a gaban idonku ta yi ta ci. A jikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, daidai inda bel yake fitowa, akwai ɗan maɓalli. Ana danna shi a sauke bel ko a ɗaga shi, gwargwadon tsayin mai zama. Dogon mutumin nan ya bar shi a can ƙololuwa. Mama kuwa gajeriya ce, sai ta ɗora matashi kafin ta ji daɗin taka keken ɗinkinta. Saboda haka duk sanda ta ɗaura, maimakon ya sauka a tsakiyar kafaɗarta, sai ya bi ta gefen wuyanta.

"Wannan abu sai ka ce wuƙa aka ɗora min a maƙoshi," in ji ta. Sai ta zare shi daga kafaɗa ta cusa shi a hammata. Ɓangarensa na ƙasa kuma, wanda ya kamata ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, sai ta ja shi sama ya zauna a kan cikinta, don kada ya yamutsa mata zane.

Maganin wannan ciwo bai wuce danna maɓalli da babban yatsa ba. Amma Baba yana da doka a motarsa: ba a taɓa abin da bai san aikinsa ba. Ranar da na kai hannu wurin, daga kujerar baya, sai ya hango ni ta madubi.

"Auta, sauke hannunka. Yadda aka ƙera ta haka za ta zauna. Karatunka bai kai ga motata ba tukuna."

Kowa ya yi dariya. Wasunku suna cikin motar ranar.

Baba yana son motar nan so na gaske, kuma son ne ya yi mana wannan aiki. Don kada kujeru su tsufa, ya kai ta wurin mai ɗinkin kujeru aka yi musu riga mai kauri, ruwan ƙasa. Mai ɗinkin ya tambaya ko ya bar ramukan da mazaunin bel ɗin baya zai leƙo. Baba ya ce, "Wa yake ɗaura bel a baya? Rufe min, kada datti ya shiga." Aka rufe. Kujerun suna nan sababbi fil har yau, ko tabo babu, ga mai son ya je garejin da aka ajiye motar ya gani.

Ranar da abin ya faru, kan keken ɗinkin Mama za a kai gyara, tafiyar da ko nisa ba ta da shi. Baba yana tuƙi, Mama tana kujerarta, Kawu, ƙanenta, yana zaune a bayanta daidai. Motar ruwa da ke gabansu ta tsaya ba zato a kusa da shataletale. Baba ya taka birki, bai isa ba. Ba gudu ake yi ba, kowa ya yarda da wannan. Bel ɗin Baba yana kan kafaɗarsa da ƙugunsa, don tsayinsa ya yi daidai da na dogon mutumin, ya fito da tsamin ƙirji kawai. Marigayin kuwa ya tsaya cak kamar yadda ya saba, ya riƙe Mama ta wuraren da aka ajiye shi. Na hammata ya karya mata haƙarƙari, kanta ya tafi gaba ya bugi dashbod. Na cikin ya nutse ya tsinka mata hanji. Sannan Kawu, wanda babu abin da ya riƙe shi, ya taso da dukan nauyinsa ya faɗo a bayan kujerarta, ya ƙara tura ta cikin bel ɗin.

An yi wa Mama tiyata, an yanke wani sashe na hanjinta. Har yau ruwa ake ɗiga mata a jijiya, kuma idan tari ya zo mata sai ta riƙe ƙarfen gado. Likitar da ta yi aikin ta nuna mana shatin bel ɗin a jikinta, baƙi kamar an zana da gawayi, ɗaya ya ratsa ƙasan hammata, ɗaya ya ratsa cibiya. Ta ce an yi shi ne ya riƙe ƙashi, aka ba shi tsoka. Ta kuma ce ba don shi ba, da ta gilashin gaba za a ɗauko ta.

Wannan rabin maganar na biyu ba wanda yake maimaitawa. Abin da ake maimaitawa a barandar asibiti shi ne na Kawu, wanda ke zagayawa da filasta a hanci yana karɓar jaje.

"Ni da ban ɗaura ba, ga ni a tsaye. Yaya da ta ɗaura, ga ta a kwance. Sai a faɗa min wanda ya fi wayo."

Kuma kuna gyaɗa kai. Na gan ku. Kawu, da girmanka da komai, kana tsaye ne saboda bayan Yayarka ne ya tare ka.

Abin da ya fi ci min rai ba maganar Kawu ba ce. Jiya ina gyara wa Mama matashi ta kama hannuna, muryarta da ƙyar take fita, ta ce, "Auta, da ban sa abin nan ba, da yanzu ina gida ina ɗinkina." Ta yarda da ku. Idan an sallame ta, a motar Kawu za a mai da ita gida, tunda tamu ta mutu, kuma Kawu ya riga ya yanke hukunci cewa ba za a ɗora wa Yayarsa bel a kan ɗinki ba. Mace mai sabon ɗinki a ciki, a kujerar gaba, ba abin da ya riƙe ta, a kan titin da bai canza hali ba. Birki ɗaya ya isa.

Maganar marigayin ta ƙarshe a gareji ya yi ta. Mun je da Baba ɗauko kan keken da ya rage a but ɗin motar. Guntunsa yana nan rataye a jikin ginshiƙi, bakinsa a tsattsage inda wuƙa ta bi. Na sa yatsa na danna maɓallin. Ya sauko sumul, ba gardama, ba tsatsa, ya tsaya daidai inda kafaɗar Mama take kaiwa. Ƙas.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Dama yana saukowa?"

Marigayin ya rasu ya bar abokin tagwaicinsa na kujerar direba, wanda shi ma ya gama aiki, don bel ɗin da ya taɓa riƙe mutum a hatsari ba a sake dogara da shi. Ya bar ƙannensa na kujerar baya, waɗanda aka binne da ransu a ƙarƙashin rigar kujera, ba su taɓa taɓa jikin mutum ba. Ya bar ƙararrawa, wadda ta yi shiru. Ya bar dangi masu yawa a motocinku: wanda aka ɗaure ta bayan kujera aka zauna a kansa don a rufe bakin ƙararrawa, wanda ya murɗe kamar igiyar shanya, wanda ake riƙewa da hannu a ƙirji har a wuce jami'an hanya sannan a sake shi.

Za a yi masa rakiya ranar da aka sallami Mama, a filin ajiye motoci na asibitin. Zan shimfiɗa guntunsa a kan bonet ɗin motar Kawu, kuma ba zai sauka ba, ni ma ba zan matsa daga gaban motar ba, sai Baba da hannunsa ya sauke maɓallin bel ɗin motar Kawu zuwa kafaɗar matarsa. Za a miƙar da bayan kujerar. Na ƙasa zai kwanta a kan ƙashin ƙugunta, ƙasa da ɗinkin, kamar yadda likita ta nuna. Na sama zai bi tsakiyar kafaɗa ya ratsa ƙirji, ba murɗewa, ba sako-sako. Duk wanda zai zauna a bayanta zai ɗaura nasa, ko ya nemi wata motar. Wannan ya haɗa da Kawu.

Ba a buƙatar lemo, ba a buƙatar dogon jaje. Kai da kake karanta wannan, kada ka turo min addu'a kana zaune. Tashi ka je motarka yanzu. Ka cusa hannu cikin kujerar baya ka tono waɗanda ka binne, idan riga ta rufe su ka farke ta. Ka kira wadda ke zama a gefenka, ka zaunar da ita, ka dubi inda bel ya bi a wuyanta. Sannan ka danna maɓallin.