Kujera Ta Iso, Mai Girma Yana Tafe

Jiya rago ya cinye mini gefen tabarma, kuma ban ga laifinsa ba. Dabbar da aka yi wa alkawarin wuƙa tun bayan sallar asuba, aka bar ta ɗaure a ƙofar gida har rana ta take tsaka, dole ta nemi abin yi. Shi dai ragon ya samu tabarma. Mu da aka yi wa alkawarin zuwan Mai Girma, hamma kawai muka ci.

Bari in koma baya, kada ku ce Uwaisu ya fara sambatun yunwa. Makon jiya Allah ya sauki maiɗakina Bara'atu lafiya, aka samu ɗa namiji. Duk wanda ya san gidana a Wurno ya san abin da wannan ke nufi, domin 'ya'yana mata ne reras, masu albarka, har abokan wasa suna kirana mai kamfanin kayan ɗaki. Na yi murna, amma murnata ba ta kama ƙafar ta mahaifiyata, Inna Nana, ba.

Mahaifina masunci ne a gulbin Rima, Allah ya jiƙansa, sunansa Jelani. Ku yi mini afuwa da na rubuta shi ɓaro-ɓaro, labarin ne ya tilasta. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, 'ya'yan yayyena kuwa dangin ubanninsu suka raɗa musu suna, don haka tun da ya rasu ba a sake kiran sunan nan a zuriyarmu ba. Ita Inna ba za ta kira ba, don irin matan da ne. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa har yau sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, ko mai sayar da manja ne ke da shi sai dai ta ce "mai sunan Malam". Yanzu ta tsufa tukuf, ido ya tafi, kunne ne kawai ya rage mata. Da aka kai mata albishir a Rimawa, inda take zaune wurin yayata, abin da ta ce kawai shi ne, "To, Malam ya dawo." Washegari aka ɗaure ta da zane a bayan mai babur kamar goyo, aka kawo ta.

Magana ta ƙare ke nan, in ba don Yari ba. Yari maƙwabcina ne, kuma ban san masa wata sana'a ba sai kusanci da Mai Girma. Wane Mai Girma? Kada ku ja bakina. Rumfar Marayu, Inuwar Damina, Sarkin Ina-Tafe, wanda muke ganin hotonsa kullum, shi kansa kuwa sai kakar zaɓe. Yari ya zo barka, ya ja ni gefe.

"Malam Uwaisu, arziki ya ishe ka har gida. Na hwaɗa ma Mai Girma haihuwag ga, yac ce da kainai za shi zaka suna. Kai dai yi mai takwara, magudanar ruwan hwadamarku ta gyaru ke nan."

Na ce, "Yari, yaron ga da sunanai yaz zaka."

"Suna na za shi ba albasa ruwa?"

Nan ya taɓa ni inda ke ciwo. Magudanar nan ta ɓalle tun 'yata ta fari tana rarrafe, yau kuwa tana ɗakin miji. Kowace rani da man inji muke shayar da albasa, man da sai ka yi wa ɗan bumburutu fadanci kafin ya tsiyaya maka. An aza harsashin gyaranta sau da yawa, har duwatsun harsashin kaɗai sun isa su toshe ɓarakar da za a tara su wuri guda. Kafin magariba maganar ta zaga unguwa, masu gona kusa da tawa suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna yi mini wa'azin taimakon al'umma. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na ce Allah ya kai mu, wadda kowa ya san amsar matsoraci ce.

Allah kuwa ya kai mu. Ana idar da asuba ƙofar gida ta cika. Mutanen Rabah sun zo, na Marnona sun zo, masuntan Goronyo abokan mahaifina sun zo da sandunansu. Taubashina Ma'u ya iso daga Gandi yana tura babur, wai ya wuni a layin mai, da aka zo kansa sai famfon ya yi tari ya mutu. Aka shimfiɗa tabarmi, aka raba goro da dabino, ƙanshin masa yana fitowa daga cikin gida. Wanzami ya wasa aska, maroƙi ya gyara murya. Liman ya miƙo mini kunne don in raɗa masa sunan, kamar yadda aka saba, sai Yari ya faɗo tsakaninmu da waya a hannu.

"A dakata. Mai Girma ya taso."

Aka dakata. Ni ba na cikin masu zagin manya a kan makara, kada a yi mini mummunar fahimta. Babban mutum in ya zo da wuri, wa zai san babba ne? Talaka ne ke sammako, don ba wanda zai jira shi. Kuma jiran nan horo ne da suke ba mu kyauta saboda ƙauna, tun da an ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Mu a nan mun daɗe da dafa dutsen, romon ne ake ta kafa wa kwamiti.

Da hantsi ya ɗaga Yari ya ce Mai Girma ya fito daga gida. Da rana ta fara zafi ya ce yana bisa hanya, ya ɗan tsaya ta'aziyya. Can ya ce ai ga shi nan kusa, ya shiga wani taron gaggawa ne a kan yadda za a rage ɓata lokaci. Kunu ya sandare a kwarya. Wanzami ya jingina da bango ya kama minshari, maroƙi ya yi wa kowa kirari har ya koma kan ragon. A lokacin ne ragon ya fara tabarmata.

Sai ga motoci, har na gaji da ƙirga, masu baƙin gilashi, suna ta jiniya a lungun da jaki biyu ba sa giftawa. Kowa ya miƙe. Aka buɗe ta farko, masu ɗaukar hoto suka fito. Aka buɗe ta biyu, aka fito da ƙyalle mai hoton Mai Girma yana murmushi, aka rataya a bangona, aka rufe mini taga. Aka buɗe ta tsakiya da ladabi, aka sauko da kujera. Kujera ce ta gaske, mai laushi, mai ruwan zinariya, da mutum guda wanda aikinsa kawai tsaronta da kaɗe mata ƙuda. Ita ta samu mota mai sanyi ta kanta, a garin da uwata ta zo ɗaure a bayan babur.

Ma'u ya matso kusa da ni. "Taubashi, wagga ita ta Mai Girma, ko wakiliyatai ta?"

"Ma'u, rufa muna asiri."

"A'a, tambaya nika. In ita anka aiko, sai a raɗa ma yaro Kujera mu ci nama mu watse."

Bikin farar kaza, balbela ba gayya. Jama'ar motocin nan ba su jira suna ba, suka auka wa masa da miyar taushe, suka share. Tsofaffin masuntan da suka yi sammako tun daga Goronyo suna zaune da goro a kunci suna kallo, kunya ta hana su magana. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Ana cikin haka aka ce Inna na kira. Na same ta a ɗakin mai jego, jaririn yana cinyarta, tana shafa gashin da har lokacin ba a aske ba.

"Uwaisu, mi aka jira?"

"Inna, wani babban baƙo na, shina tahe."

"Na jiya. An ce har kujeratai ta iso." Ta gyara wa jaririn kwanciya. "Ubanka in yac ce da asuba, kihi da kainai ya san da asuba na. Bai taɓa aje kowa bakin gulbi ba. Ni kau ɗan nan, ina da nawa baƙo da nika jira, kuma shi in yat tashi zakkuwa ba shi aiko da kujera. Ban roƙe ka komi ba. So nika in ji an kira sunan Malam sau guda da kunnena, tun da ni ba ni iyawa."

Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Na ji kunya, na ji tausayi, amma tsoron idon maƙwabta bai sake ni ba. Na ce ta ƙara haƙuri kaɗan, na fito na koma tabarmata, abin da rago ya rage.

Ban daɗe da zama ba sai muka ji guɗa daga cikin gida. Siririya ce, tana rawa, muryar tsohuwar da ba ta da sauran haƙori. Kafin ta kai ƙarshe matan gida duka suka karɓe, har kajin unguwa suka watse. To, kowa ya san guɗa ba ta riga suna, sai an kira shi take biyowa. Maroƙi ya zabura yana waige-waige, a zatonsa barci ya sa abin ya wuce shi. Wanzami ya farka da aska a hannu. Liman, wanda dama azahar ta matso masa, ya juyo ya sake miƙo mini kunne.

"Malam Uwaisu, mata sun riga mu. Mi as sunan?"

Yari yana gefe yana ta yi mini alama da waya, masu albasa sun zuba mini ido, mai tsaron kujera ya tsaya da kaɗe ƙuda. Na dubi kujerar nan, babu kowa a kanta. Na sunkuya na raɗa wa Liman sunan ubana.

Aka shafa fatiha. Maroƙi ya buɗe maƙogwaro ya ce, "Sunan yaro Jelani!" Ya maimaita har sau uku, yadda ko kurma na bayan gari zai ji. Tsofaffin masuntan nan suka riƙa share ido da bakin rawani. Wuƙa ta hau rago, ya tafi da tabarmata a cikinsa, bakin alƙalami ya bushe.

Yari ya riƙe kai. "Ka kashe mu, Malam Uwaisu. Mi za ni hwaɗa mai?"

"Hwaɗa mai takwaranai shina tahe."

Mai Girma ya iso bayan la'asar, ana suyar nama. Bai sauko ba. Ya sauke gilashi kamar faɗin tafin hannu, ya miƙo mini 'yan yatsu, ya ce, "Ango, Allah ya ba da zaman lafiya. A riƙe amarya amana." Na ce amin, ranka ya daɗe, don amaryar tawa tana ciki tana shan kunun kanwa. Aka ɗauki hoto. Yari ya yi ƙarfin hali ya ambaci magudana, Mai Girma ya ce maganar tana kan teburinsa, gilashi ya rufe. Aka kwance ƙyallen, aka mai da kujera motarta, aka haɗa da cinyar rago guda don albarka, suka wuce wani gari inda aka ce tun safe an hana ɗaura aure ana jiransu. Ashe mutumin da muka kusa raɗa wa ɗanmu sunansa bai ma san haihuwa aka yi ba.

Da ƙura ta lafa na shiga wurin Inna. Yaro ya sha aski, kansa sai ƙyalli, tana riƙe da shi tana yi masa irin wasan kakanni.

"Maigida, sai yanzu? Ka bar ni da cefane shekara da shekaru, kaz zaka hannu rabbana, ko kihi guda babu."

Na ce, "Inna, ke kinka tada guɗag ga."

"Ni? Tsohuwa ta da tari, mata sunka yi zaton guɗa ta." Sai ta lalubo hannuna ta riƙe. "Na jiya, Uwaisu. Sau ukku na jiya. Yanzu wanda nika jira shi zaka duk sa'ad da yag ga dama."

Na zauna a gefen gadon har aka kira magariba.

Masu albasa kuwa sun yi fushi da ni na rabin yini, sannan suka tuna cewa ko an yi takwaran, da man inji za su yi ban-ruwan bana, suka dawo cin nama. Yau da safe Yari ya zo da albishir. Wai Mai Girma mai yafiya ne, bai riƙe ni a zuci ba, ya amince a ajiye masa haihuwa ta gaba, kuma da zarar an yi sunan za a fara aikin magudana gadan-gadan. Bara'atu ta jiyo daga ɗaki, ta ce a gaya wa Mai Girma in yana sauri ya ɗauki cikin da kansa.

Don haka jama'a, tsere ne yanzu tsakanin magudanar fadamarmu da ƙanin Jelani, wanda ko labarinsa babu. Ban san wanda zai riga isowa ba, kuma ba na caca. Na dai sayi ɗan tunkiya na ɗaure a bayan gida, nesa da tabarma.