Lallen da Na Yi wa Likita

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai farcena asibiti ba. Ni mai lalle ce a unguwar Sabo, ƙafafun amare ne abincina. Amma farcen babban yatsan ƙafata ya yi kauri, ya yi ruwan ƙwai, yana marmashewa kamar tsohon burodi. Wace amarya ce za ta miƙa ƙafarta ga mai irin wannan farce? Shi ya sa kullum ina cikin safa, ko ana zafin da ya isa a gasa masara (mata na cewa ustazanci ne, ni kuwa ban taɓa musawa ba).

Da na ji akwai asibitin da ake kashe cutar farce da hasken leza, ba yanka ba allura, sai na je aka ba ni rana. Ana gobe zan koma na kalli farcen nan, kunya ta kama ni. A haka likita za ta gan shi? Na kwaɓa lalle mai kyau na lafta masa, har da 'yan furanni a gefe.

Likitar, wata Bayarabiya mai fara'a, ta sa auduga da sifirit tana gogewa. Ta goga, ta goga, lalle ya ce bai san zancen ba (aikina ba ya fita, wannan kam ko a asibiti sai na faɗa). Ta ce ba ta ganin iyakar ciwon, kuma launin zai ja zafin hasken ya ƙone ni, sai dai a jira lallen ya sauka.

Sai ta tambaye ni wanda ya yi mini: "Madam, who do this one for you?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Wata mai lalle ce a unguwarmu, ba ta da tunani sam."

Sai wata nas da ke bayana ta leƙo, ta gaishe ni da Yarbanci. "Ah ah! Anti, ẹ kaaro! Ba ke ce kika yi mini lallen bikina ba? Doctor, na she be the mai lalle!"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Likita ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce ba ni ce ta farko ba, mata da yawa suna ɓoye irin wannan ciwo a ƙarƙashin jan farce.

Na jira watanni, aka kankare farcen, aka haska shi. Ɗan ɗumi kawai na ji. Yanzu sabo yana fitowa fes daga gindi, safa kuma ta yi ritaya.

Abin da na koya, likita ba surukuwa ba ce da za a yi mata kwalliya. Idan amarya ta zo tana naɗe yatsa tana cewa, "Anti, ki lafta wa wannan da yawa," ba na lafta masa komai. Ƙafata nake miƙa mata ta gani.