Ranar da Konni ta ji cikin jakata

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Alhamis, a sati na uku da fara sitaji, wato koyon aiki, a wani ƙaramin gidan rediyo na Birnin Konni. Ko yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Ni 'yar Malbaza ce. Babana ya daɗe yana aiki a kamfanin siminti, kuma burinsa bai wuce in zama malamar lakwal ba, wato malamar makaranta, aikin da in an faɗa a majalisa kowa zai gyaɗa kai. Ni kuwa tun ina kwaleji na gama yanke wa kaina hukunci: tele zan shiga, wato gidan talabijin, a Yamai, in riƙa karanta labarai da ɗaurin kallabi mai tsayi. (Madubin ɗakin innarmu ya sha labarun duniya, Allah ya ba shi lada.) Da na samu bak, takardar gama sakandare, na zauna jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jarida. Aka liƙa sunaye, na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama, ban ga kaina ba. Wani ƙanen babana mai tuƙin kamyo, babbar motar kaya, ne ya ce ya san shugabar wani gidan rediyo a Konni, in je in yi wata uku ina koyo, ko ba komai na huta da zaman gida. Na tafi, amma a raina alfarma nake musu.

Shugabar, Madam Hajara, doguwar mace ce mai magana a hankali, ba ta fara zance sai ta ce "bon, bon". Ranar farko ta zaunar da mu biyu masu sitaji, ni da wata Rabi daga Illela, ta ce a ƙarshen wata uku ɗaya kawai za a riƙe. Sannan ta ba mu tarihin yadda kowa a gidan ya shigo aikin. Ita daga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta fito. Mai labarun wasanni da salula ya fara, yana ɗaukar kokawa yana sa wa a Fesbuk har aka neme shi. Malam Idi mai kula da injina gyaran rediyo yake a bakin kasuwa. Mutum ɗaya tak ke da takardar makarantar jarida, shi ma sai da ya shekara yana riƙe wa wasu mikoro.

"Ƙofofin aikin nan da yawa," in ji ta, "amma duk gajeru ne. Sai an sunkuya."

Na rubuta wannan a kayena, ɗan littafin rubutuna, har da ja masa layi, ban fahimci komai ba.

Rabi ta lafe wajen Malam Idi tana koyon maɓallai. Ni na ce ban zo gyaran rediyo ba, murya na kawo. Sai aka ba muryar aikin karanta sanarwa: ɗaurin aure, rasuwa, da cigiyar awaki. Na karanta cigiyar wata jar akuya mai karyayyen ƙaho da salon da ya dace da juyin mulki, har mai akuyar ya aiko yana tambaya ko an same ta a mace ne.

Ranar Alhamis ɗin nan Madam ta kira ni. Ruwan bazata ya sauka a Tsarnawa, ya shiga rudun manoma, wato rumbunan ciyawa da suke ajiye albasa, ta fara ruɓewa. In je in ɗauko muryarsu, minti biyar, don shirin manoma na ƙarfe huɗu. Malam Idi ya miƙo mini ƙaramar rikoda, ya ɗora yatsa kan jan maɓalli zai yi bayani, na karɓe na ce na sani. Ya dube ni, ya ce to.

Kafin in kai tasha na kira babana, na kira innarmu, na kira gwaggwannina biyu, na ce kowa ya kama tasharmu da ƙarfe huɗu.

A Tsarnawa aka haɗa ni da wani dattijo, Alhaji Mamman. Ya zagaya da ni rudu uku cikin rana, yana ɗago albasa yana nuna mini inda ta yi laushi. Na danna jan maɓalli, wata 'yar fitila ta fara ƙyaftawa, na ce aiki ya kama. Ya yi magana mai tsawo, ni kuwa ina gyaɗa kai ina shirya tambaya ta gaba da yadda zan lanƙwasa ta. Da ya gama na sake danna maɓallin, na jefa rikoda cikin jaka. (Ga wanda bai sani ba, kamar ni a lokacin: dannawar farko shiri ce kawai, ta biyu ce ke fara ɗauka.)

Na tsaya bakin gudro, wato kwalta, ƙarƙashin wata bishiya ina jiran mota. Ba kowa kusa, sai na ce bari in gwada yadda zan buɗe rahoton. Ina cikin haka ƙawata Zali ta kira, muka sha hira. Mota ba ta samu ba sai can, ita ma ta tsaya ɗaukar buhuna a hanya. Na shiga gidan rediyo huɗu saura minti biyar, ina haki.

Malam Idi ya karɓi rikoda ya tambaya ko na saurara. Na ce na saurara, tas take. Ƙarya ce, amma a ganina mutum irina ba ya buƙatar sauraren kansa.

Madam ce ke gabatar da shirin. Ta yafito ni na zauna kusa da ita cikin situdiyo, ta gaya wa masu sauraro ga sabuwar wakiliyarmu daga Tsarnawa. Malam Idi ya saki sauti, ya ji muryata ta fito da sallama, sai ya cire abin kunnensa ya fita famfo alwalar la'asar, tunda yana da minti biyar.

Sallamar ta fito da kyau. Sai ta sake fitowa, da murya mai kauri. Sai ta uku, siririya, da ɗan faransanci a hanci. Sannan aka ji na faɗi sunana sau huɗu, kowane da irin jansa, na ce wa kaina a'a, na biyun ya fi kama da na tele. Madam ta juyo a hankali ta dube ni. Ni kuwa na gane abin da ke tafe, don na ji ƙarar salulata a cikin sautin.

"Ke Zali, bari kawai. Ga ni cikin ruɓaɓɓar albasa, zanena duk ya ɗau wari. Wanga gidan rediyo ai matakala ce, wata shida in bar musu cigiyar awakinsu in wuce Yamai."

Na tashi da gudu na faɗa ɗakin injina. Maɓallai sun fi hamsin, ban san ko ɗaya ba. Na kama wani na tura sama. Ashe na lasifikar ƙofar gida ne, inda 'yan kabu-kabu, masu ɗaukar fasinja a babur, ke zama cikin inuwa. Ta nan, da ƙarfin da ya kai shagunan tsallaken titi, aka ji ni ina cewa:

"Kin san Madam ɗinmu? Bon, bon, ɗiyata, sai an sunkuya."

Kuma wallahi na iya kwaikwayon. Har ɗan tarin da take yi bayan bon na biyu ban bari ba.

Rabi ce ta shigo, ta sa yatsa ɗaya ta ja wani abu ƙasa, duniya ta yi shiru. Ta gilashi na ga Madam ta matso mikoro, fuskarta ba ta canza ba.

"Bon, bon," ta ce, ta yi ɗan tarinta. "Masu sauraro, kun ji wakiliyarmu. Albasa dai ta ruɓe, ta tabbatar muna da hancinta. Muryar manoman kuma sai jibi in Allah ya so."

Na zauna bayan ƙofa ina jiran a ce in tattara kayana. Da aka gama shiri ta kira ni buro, ofishinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kwaikwayon ya yi, da a ƙungiyarsu ta dā ce da an ba ni matsayi, amma dattijon da ya tsaya mini cikin rana shi ne ke bina haƙƙi, don haka gobe in koma. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan magariba babana ya kira. Ashe ya tara abokan aikinsa wajen mai shayin ƙofar kamfani, ya sa aka ƙure rediyo. Na ɗauka faɗa zai yi.

"Mun jiya," ya ce. "Murya dai akwai ta. Hankalin muka jira."

Washegari 'yan kabu-kabu suka tarbe ni da "sannu 'yar Yamai", wani ya tambaya ko ya kai ni filin jirgi. A Tsarnawa na tarar da Alhaji Mamman zaune kan tabarma da mutane kusan goma, duk sun ji. Na durƙusa na gaishe shi, na fara ba da haƙuri. Ya bar ni na gama.

"Ba komi, ɗiyata. Yau kin zo da zanen canji?"

Aka yi dariya, har da ni, da hawaye a ido. Ya ce ba zai yi magana ba sai an gwada abin. Ya ce bisimilla a bakin rikoda, na mayar masa ya ji muryarsa, sannan ya gyara zama. A ranar na ji abin da jiya ya faɗa ban ji ba: 'ya'yansa maza duk sun tafi ci-rani, shi da mai ɗakinsa ne suka yi kwana uku suna tsince mai kyau daga ruɓaɓɓa da hannu, kuma albasar ce abincin gidan har kaka. Da rahoton ya fita, manoma daga wajen Galmi suka yi ta kira suna ba da shawarar yadda ake ɗaga gindin rudu da gyara jinka.

A ƙarshen wata uku Rabi aka riƙe, kuma daidai ne. Ni Madam ta ƙara mini wasu ukun, na yi su a kujerar kusa da Malam Idi. Har yau a rediyo nake, ina kuma son aikin. Masu sitaji kan tambaye ni ta wace hanya ake shiga aikin jarida, in lissafa musu makaranta, da sitaji, da salula. Sai in ƙara musu da nawa darasin: in an ce za a nuna maka abu, ka bari a nuna maka. In kuma gulma ta kama ka dole, ka fara zazzage jakarka.