Sodangi da 'Yan Rainon Lantana

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wani gida mai mutum uku: Lantana, da ɗanta Baffa da bai daɗe da fara rarrafe ba, da ƙanin mijinta Sodangi. Maigidan yana can kudu wajen nema, sai salla-salla yake leƙo gida. Sodangi ƙato ne har da gemu, ba ya ƙarya, ba ya fashin jam'i. Sai dai Allah ya yi shi in ka gaya masa magana, yadda ta fito daga bakinka haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari.

Lantana tana cikin masu dafa wa 'yan firamare abinci, da aikin nan take rufa wa kanta asiri. Shugabarsu Inna Delu doka biyu gare ta: ba a zuwa da goyo saboda wuta, mai makara kuma akwai masu jiran gurbinta. Dole Lantana ta riƙa neman 'yan matan unguwa su riƙe mata Baffa, su kuwa gari ba ya waye musu sai hantsi ya dubi ludayi.

Wata rana Lantana ta shirya tsaf, 'yar rainonta Azumi shiru. Ta ce, "Sodangi, je ka taho min da yarinyar nan yadda ka same ta, kada ka jira ta yi komai." Ya tarar da Azumi zaune kan kujera, ƙafafunta ɗaure cikin ledar lalle. Ta ce, "Ka ce mata ina zuwa, bari ya kama." Ya ɗaga kujerar da ita a kai ya ɗora a baro, ya turo ta ta tsakiyar gari tana ihu, samari na shewa. Ya sauke ta a tsakar gida ya ce, "Matar Yaya, ga ta yadda na same ta." Ran nan Lantana ba ta makara ba, amma Azumi ba ta sake taka gidan ba.

Wata rana kuma, bayan an samu wata yarinya mai suna Hanne, wadda kullum wayarta ce ba caji shi ya sa ba ta san lokaci ba, Lantana ta ce, "Sodangi, ka sa ido a kan turmin nan. Da zarar inuwa ta bar shi, in Hanne ba ta zo ba, ka je ka kira ta." Ta shiga wanka. Sai ga maƙwabciya ta zo aron turmi, ta gangara shi gidanta, ta kafa a gindin mangwaro. Sodangi ya bi turmi, ya tsuguna kusa da shi. Lantana ta fito, ba turmi, ba Sodangi, ba Hanne. Sai bayan azahar ya dawo ya ce, "Har yanzu inuwar ba ta bar shi ba, salla ce ta tashe ni." Washegari Inna Delu ta ce, "Lantana, ina ganin mutuncinki, amma yaran mutane da yunwa suka shiga aji."

Wata rana Hanne ta zo da wuri, abin mamaki. Zuciyar Lantana dai ba ta kwanta ba, ta ja Sodangi gefe ta ce, "Yarinyar nan yawo gare ta, kada ka ɗauke ido daga kanta." Lantana na fita aka buga kalangu a gidan biki, Hanne ta ajiye Baffa a tabarma ta ce yanzu za ta dawo. Sodangi ya bi bayanta. Duk inda ta juya a filin rawa yana tsaye yana kallonta, har ƙawayenta suka ce, "Hanne, ashe kin yi saurayi!" Labari ya iske Lantana tana tsakar tuƙa tuwo, ta yar da muciya ta sheƙo gida. Ta tarar da Baffa a akurki yana cin dusa tare da kaji, lafiyarsa ƙalau. Ta rungume shi tana salati. Inna Delu ta aiko cewa wannan ne kashedi na ƙarshe.

Ranar da ta biyo baya, rana na ɗagawa, ba Hanne ba dalilinta. Lantana ta dubi hanya, ta dubi ɗanta, ta ce Allah ga bayinka. Ta ɗaura wa Sodangi Baffa a baya da zani da majanyi, ta ce, "Kada ka sauke shi, kada ka ba kowa. Abin da ya nema ka ba shi." Nufinta kunun da ta ajiye a kofi.

Ta isa a kan lokaci, ta hura wuta. Tukunya na tafasa sai ta ji 'yan makaranta sun kece da dariya. Ta waiga, ga ƙaton mutum da gemu da goyo yana ratso filin ƙwallo. Ta ce shi ke nan, aiki ya tafi.

"Matar Yaya," in ji Sodangi, "ke ya nema."

Inna Delu ta taso ta ce, "Miƙo shi nan, ka koma gida."

"An ce kada in ba kowa."

"To sauke shi a inuwa ka ci tuwo."

"An ce kada in sauke."

Haka ya ci tuwonsa a tsaye a gindin dalbejiya, nesa da murhu, yana jijjiga goyo. Masu kalangun jiya suka wuce ta bakin makaranta, ko waiwaye bai yi ba. Inna Delu ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya ga sauran masu girkin, waɗanda rabinsu yanzu suke shigowa, kowacce na tsine wa 'yar rainonta. Ta ce, "Daga gobe mai goyo ta zo da abinta, ga tabarma ga Sodangi. Amma don Allah kowacce ta auna maganarta kafin ta gaya masa."

Da Lantana da Sodangi suka koma gida da la'asar, suka tarar da Hanne a ƙofa tana danna waya. Ta ɗago ta ce, "Anti, ban dai makara ba ko?"

Lantana ta buɗe baki za ta zazzaga mata masifa, ta tuna azumin Alhamis take yi, ta rufe. Sodangi ne ya ce, "Kin makara."